Daga Bulama zuwa Meri: Yadda 'Yan Kasuwa Suka Yi Zama da Hukumar Garin Njamena

Idan dattawan wannan ƙungiya suka zauna tuna baya, hirar takan karkata ne ga manyan abubuwa: yaƙin da ya raba garin nan biyu a 1979, ranar da aka karya darajar sefa a Janairun 1994, shekarun da hanyar Gamboru ta mutu, da rufe iyakar Najeriya a 2019. Duk waɗannan sun taɓa aljihunmu, babu musu. Amma in mutum ya ɗauko littafin shagonsa ya duba, abin da zai fi cin karo da shi ƙanana ne: tikitin rumfa, kuɗin shara, patanti, kuɗin da 'yan layi suka haɗa aka yashe kwata kafin ruwan Agusta, da kuɗin motar zirga-zirgar neman takardar fili. Yawancin waɗannan harkar hukumar gari ce, wadda a nan muke kira meri. Tarihinta nake so mu bi a wannan fitowa ta bikin cika shekara, domin matasanmu sun tarar da garin a gundumomi goma, kowace da magajin garinta, har wasu na zaton haka abin yake tun fil azal.

Ranar 22 ga Afrilu 1900 aka gwabza a Kusuri tsakanin Rabe da rundunonin Faransa uku da suka haɗu a can: ɗaya ta keto Sahara daga Aljeriya ta biyo ta Agadas da Damagaram, ɗaya ta taho daga yamma, ɗaya kuma ta hauro daga Kongo. Rabe ya mutu a wannan rana, kwamandan Faransawa Lamy shi ma bai kwana ba. Ranar 29 ga Mayu sai Emile Gentil ya kafa sansani a wannan gaɓa ta kogin Shari, daura da inda Logon ke zubowa cikinsa, ya sa wa wurin sunan kwamandan da ya mutu, Fort-Lamy. Harshen kakanninmu ya lanƙwasa sunan ya koma Fallomi, kuma har yau akwai tsofaffi a Kano da Maiduguri da ba su san garin da wani suna ba.

Wurin ba kango ba ne. Akwai ƙauyukan Kotoko masunta a bakin ruwa, akwai Larabawan Shuwa da shanunsu a fadamu, akwai tsohon garin Gawi a arewa maso gabas, wanda matansa suka yi suna da ginin tukwane. Kowane ƙauye da bulamansa. Aikin bulama shi ne aikin da kowane mai gari ya sani a ƙasar Hausa: ya raba gona, ya nuna wa baƙo inda zai kafa bukka, ya sasanta manomi da makiyayi idan shanu sun yi ɓarna, ya san wane ne ya mutu, wane ne aka haifa, ya tara haraji ya kai gaba. Ku riƙe sunan bulama, domin zai sake fitowa a wannan tarihi bayan shekara tamanin, a lokacin da ba a zata ba.

Hausawa sun shigo sabon garin ta ƙofa biyu, fatauci da aikin hajji, kuma sau da yawa mutum ɗaya ne ya shigo ta duka biyun. Bayan Turawan Ingila sun ci Kano da Sakkwato a 1903, aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi, jama'a masu yawa suka yi gabas. Da Faransawa suka kama Abeshe a 1909, jirgin ƙasa kuma ya iso El Obeid a Sudan bayan 'yan shekaru, sai hanyar ƙasa ta miƙe: Kano, Maiduguri, Dikwa, Kusuri, a haye kogi zuwa Fallomi, sannan Ati, Abeshe, Adre, El Geneina, har bakin Bahar Maliya. Tafiyar takan ɗauki shekaru, saboda maniyyaci kan tsaya ya nemi guzuri. Wani ya yi fawa, wani wanzanci, wani dukanci ko ɗinki, wani ya buɗe makarantar allo, mai ɗan jari kuma ya shiga goro, tufafin Kano, kanwa, fata ko shanu. Da yawa sun yi aure a nan, guzurin bai taɓa cika ba. Wani Ba'amurke mai suna John Works ya rubuta littafi sukutum a kan waɗannan al'ummomin Hausawa na Chadi, ya fito a 1976, kuma sunan da ya ba shi ma yana nufin mahajjata a baƙuwar ƙasa.

Sunayen unguwanni sun adana labarin wancan zamani. Jambal Bahar na nufin gefen kogi. Ardeb Jumal tsamiyar raƙuma ce, wato inda ayari ke durƙusar da raƙumansa. Ambasatna na nufin mun ji daɗi, Ridina kuma mun yarda. Marjan Dafak, inda Hausawa da Barebari suka daɗe da zama, ana fassara shi da murjani ya zube. Sabangali kuwa duk Bahaushen da ya ji shi zai ji sabon gari a ciki. Unguwar da aka raɗa wa suna mun yarda, ka san an yi wata magana kafin a yarda ɗin.

To yaya Bature ya mulki wannan taron jama'a mai harsuna barkatai? Hanyar da ya ga ta fi masa arha ita ce ya sa wa kowace ƙabila shugaba, abin da ake kira shef-da-ras har gobe, ya kuma sa wa kowace unguwa mai unguwa. Daga baya aka ɗora sarautar sultan a kan garin da ƙauyukan da ke kewaye da shi, gidan Kasser ke riƙe da ita, shi ya sa har yanzu ake ce wa mai sarautar sultan na Njamena birni da karkara. Ga Bahaushe, ƙofar hukuma ita ce Sarkin Hausawa. Shi ke ƙirga kawunan da za su biya lanho, shi ake kira idan baƙo ya rasu ba dangi a raba abin da ya bari, shi ke tsaya wa ɗan kasuwar da aka kama da kayan da ba su bi ta duwan ba. A ƙarƙashinsa kuma akwai masu masauki, waɗanda suka fi kowa amfani ga bafatake: su sauke shi, su ajiye masa kaya, su samo masa dillali, su lamunce shi a wajen mai saye da bashi. Kafin a san wata ƙungiya mai kati da hatimi, wannan shi ne tsarin da ya riƙe fatauci tsakanin Kano da Fallomi, kuma ƙungiyoyi irin tamu a kansa suka tsiro.

A 1919 aka ba Fort-Lamy matsayin komin, amma irin wadda Faransawa ke kira mai gauraye. Ma'anarta ita ce magajin garin jami'in mulkin mallaka ne da gwamna ya naɗa, 'yan majalisar da ke ba shi shawara su ma naɗa su ake yi, kuma manyan 'yan kasuwar Turawa su ne masu faɗa a ji a ciki. Kuɗin komin kuwa daga kasuwa yake fitowa: kuɗin rumfa, kuɗin mayanka, kuɗin kan dabba a kara, da kason patanti. Wato talakan da ke kasa goro a faranti yana cikin masu biyan albashin ma'aikatan komin, amma ba shi da bakin tambayar me aka yi da kuɗin. Titunan da aka fara gyarawa da itatuwan da aka shuka a jere suna unguwar Turawa ne a bakin kogi. Abin da ke isowa unguwannin baƙar fata shi ne duba-gari, wanda zai leƙa randar matar gida ya nemi tsutsar sauro, in ya gani a ci tara. Ga kuma dokar da ake kira andijena, wadda ta ba kumandan ikon ya tsare mutum na 'yan kwanaki ko ya ci shi tara ba tare da an je gaban alƙali ba, ga aikin tilas na gyaran hanya. Ɗan kasuwar da ya fito daga ƙasar Ingilishi yana da wata damuwa ta daban: takardar izinin wucewa, da canjin kuɗi tsakanin sule da faran.

Yaƙin duniya na biyu ne ya mayar da Fallomi gari na sosai. Ranar 26 ga Agusta 1940 gwamna Felix Eboue ya bayyana cewa Chadi ta bi Janar de Gaulle. Da wannan sai ƙasar ta yanke da gwamnatin Faransa da ta sallama wa Jamus, ta juya fuskarta ga Najeriya. Man fetur, kayan soja da kayan masarufi suka riƙa zuwa daga Legas a jirgin ƙasa har Kano da Jos, daga nan a loda wa manyan motoci su bi ta Maiduguri. Direbobi, makanikai, 'yan kamasho da masu abinci suka biyo motocin. A 1937 mutanen garin ba su cika dubu goma ba. A 1947 sun haura dubu goma sha takwas, kafin ƙarshen shekarun 1950 kuma sun wuce dubu hamsin. Komin da aka tsara don ƙaramin sansani sai ga ta da sababbin unguwanni da ba famfo, ba magudanar ruwa.

A 1946 aka soke aikin tilas da dokar andijena. Sai kuma dokar 18 ga Nuwamba 1955, wadda ta ba wasu manyan garuruwan Afirka da ke hannun Faransa cikakken matsayin komin, har da Fort-Lamy. A ƙarshen 1956 mutanen garin suka zaɓi majalisarsu, majalisar ta zaɓi Gabriel Lisette magajin gari. Lisette ba haifaffen Chadi ba ne: a Panama aka haife shi, iyayensa mutanen Guadeloupe ne, ya zo a matsayin jami'in mulki sannan ya kafa jam'iyyar PPT a 1947. A ɗaya ɓangaren siyasar garin akwai Ahmed Koulamallah, mutumin Bagarmi, ɗan kasuwa mai harkar shanu da sufuri, wanda ya san kasuwa ciki da bai, har ya riƙe shugabancin gwamnati na 'yan kwanaki a Maris 1959. A waɗannan 'yan shekaru ne ɗan kasuwar Fallomi ya fara ganin ɗan takara ya tako har rumfarsa yana neman ƙuri'a, ya kuma sami damar ce masa ga kwatar da ta toshe, ga mayankar da ba ruwa.

Abin bai daɗe ba. An sami 'yancin kai ranar 11 ga Agusta 1960, kuma a cikin wannan watan shugaba Tombalbaye ya hana Lisette dawowa ƙasar daga wata tafiya da ya yi. A 1962 aka soke sauran jam'iyyu. A Satumban 1963 aka yi tarzoma a Fort-Lamy wajen kama wasu jagororin siyasa, sojoji suka yi harbi, mutane suka mutu. Cikin waɗanda aka kama akwai Koulamallah da Jean Baptiste, wanda ya taɓa riƙe kujerar magajin gari, shi kuma bai fito da rai ba. Daga nan kujerar ta zama abin da mai mulkin ƙasa ke bayarwa ya kuma karɓe, kusan shekara hamsin. A ganina wannan ne tushen yawancin koke-koken da muke yi har yau. Magajin garin da takardar fadar shugaban ƙasa ta kawo shi, takarda irinta kuma za ta iya tafiya da shi gobe, idonsa na kan fada ne. Zai fi kula da titin da baƙin ƙasashen waje za su bi daga filin jirgi a kan lungun da buhunan gero ke jiƙewa.

Wani abu ya faru a 1967 wanda ba a cika ambatonsa ba, alhali ya fi canjin sunan gari tasiri a rayuwarmu. Ranar 22 ga Yuli na wannan shekara aka fitar da dokokin ƙasa uku, masu lamba 23, 24 da 25. Taƙaicensu shi ne duk filin da ba a yi masa rajista ba, ana ɗaukarsa mallakar gwamnati, sai wanda ya kawo hujjar akasin haka. Cikakkiyar hujja ita ce takardar mallaka da ake kira titir fonsiye, kuma samunta doguwar tafiya ce: a ba ka filin a hukumance, ka biya kuɗinsa, ka gina shi yadda doka ta ce, a zo a gani, a auna, a kafa duwatsun iyaka, sannan a rubuta. Mutanenmu kuwa sun saba da ciniki na shaidu biyu da fatiha. Mutum ya sayi fili hannun wanda ya gada, mai unguwa ya shaida, ya gina, ya haifi 'ya'ya a ciki, a wajensa magana ta ƙare. A wajen doka ko farawa ba a yi ba.

A 1973 Tombalbaye ya canja wa garin suna zuwa Njamena, daga sunan wani ƙauyen Larabawa da ke kusa, ana fassara shi da mun huta. Hutun bai wuce shekara shida ba. Ranar 12 ga Fabrairu 1979 faɗa ya ɓarke a tsakiyar gari. Aka zauna sulhu a Kano a watan Maris da Afrilu, aka sake zama a Legas a watan Agusta, sojojin Najeriya ma suka zo tsaron zaman lafiya na ɗan lokaci, amma a Maris 1980 yaƙi ya dawo, ya yi wata tara, bai tsaya ba sai da tankokin Libiya suka shigo a Disamba. A wannan tsakani babu meri, babu mai karɓar tikiti, babu mai kwashe shara. Jama'a suka haye kogi a kwalekwale, Kusuri ta cika ta batse, kasuwar Njamena ta koma can ɗungurungum, wasu kuma suka wuce Gamboru da Maiduguri. Da ƙura ta lafa aka fara dawowa, sai wata shari'ar ta taso: wannan ya tarar da wani a gidansa, wancan takardunsa sun ƙone, rumfar wani ta zama ta wani. Ofisoshin da ya kamata su warware an wawashe su. Waɗanda suka raba gardama a lokacin su ne masu unguwanni, shugabannin ƙabilu, limamai da dattawan kasuwa, mutanen da ke iya cewa wannan gida na Alhaji wane ne, a gabana aka aza tubalinsa.

A 1985 aka buɗe gadar Ngeli a kan Logon, ta haɗa mu da Kusuri. Wanda bai ga zamanin jiran jirgin fito ba, da motoci jere a bakin ruwa kwana da kwanaki, ba zai gane girman wannan gada ba. Ta kuma ja garin zuwa kudu, zuwa tsibirin ƙasar da ke tsakanin kogunan biyu, inda Waliya, Ngeli da Tukra suke. Fari na 1984 da rashin zaman lafiya a karkara su ma suka koro jama'a birni. Ƙidayar 1993 ta sami mutane sama da rabin miliyan a Njamena, ta 2009 kuma ta sami kusan miliyan guda.

A nan ne bulama ya dawo. Duk waɗannan mutane suna bukatar wurin kwana, hukuma kuwa ba ta yanka filaye da saurin da ake zuwa. Sai aka koma wajen bulamomin ƙauyukan da garin ke haɗiyewa, a Digel, Njari, Abena, Waliya da sauransu. Bulama ya yanka maka gonar kakanninsa, ya ba ka 'yar takarda da hatiminsa, ka gina. Bayan shekara goma ko ashirin sai masu awo su zo da taswira su ce titi zai bi ta tsakar gidanka, ko kuma wurin an keɓe shi tun tuni don makaranta ko kasuwa. Wani lokaci ma fili ɗaya mutum biyu ko uku ke riƙe da takardarsa. Bulaman da aka san shi da rabon gona ya zama dillalin filaye a cikin birni, ƙauyensa ya zama unguwa mai layi-layi, kowane rukunin gidaje da nasa shef-da-kare. Baƙon da ya zo daga Kano kada ya yi dariya, karen nan ba na farauta ba ne, kalmar Faransanci ce ta rukunin gidaje, kuma mutumin shi ne wanda za ka fara nema in kana son shaidar zama.

Ranar da wannan tsari ya nuna haɗarinsa ta zo a 2008. A ranakun 2 da 3 ga Fabrairu 'yan tawaye suka shigo har kusa da fadar shugaban ƙasa, aka kore su, aka kafa dokar ta-ɓaci. Ranar 22 ga watan aka sa hannu a wata doka da ta ba da izinin rushe gine-ginen da aka ce ba bisa ƙa'ida suke ba a Gardole da Waliya Angoso. Magajin garin lokacin shi ne Mahamat Zene Bada. Rusau bai tsaya a unguwannin biyu ba, ya bi wasu da dama. Ƙungiyar Amnesty ta yi amfani da hotunan tauraron ɗan'adam ta ƙirga gine-gine sama da 3,700 da aka rushe cikin kusan shekara guda, gidaje da shaguna da wuraren sana'a. Gardole tsohuwar unguwa ce a tsakiyar gari, kusa da babbar kasuwa, akwai iyalan da suka yi shekaru aru-aru a cikinta. Fenti aka zo aka shafa a bango, aka ba da 'yan kwanaki, sai katafila. Ko masu takarda ba duka suka tsira ba, amma su sun sami abin riƙewa su je kotu. Mai takardar bulama kaɗai sai dai ya kwashe kwanon rufinsa.

Shekaru biyun da suka biyo baya sun koya wa 'yan kasuwa cewa oda ɗaya na iya kashe sana'a cikin mako guda. A ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009 gwamnati ta hana shigo da gawayi cikin gari don kare itatuwa, alhali gas bai wadata ba, mata suka rasa abin girki, masu sayar da shi suka rasa jari. A 2010 kuma Marie-Thérèse Mbaïlemdana, mace ta farko da ta riƙe kujerar magajin garin Njamena, ta tayar da wata tsohuwar doka ta farkon shekarun 1990 da ta hana leda. Kalmar ma tamu ce, da ita kowa ke kiran abin a nan, Balarabe da Basare. Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin ta kan iyaka ledar ke shigowa, kuma masu dilolinta a sito sun tafka asara. Amma a faɗi gaskiya, an ga bambanci a tituna da magudanun ruwa a shekarun farko, awaki ma sun huta da cin leda. Abin da ya ɓata wa mutane rai shi ne yadda hanin ya sauko ba tare da an zauna da masu kayan an ba su wa'adin da za su iya sayar da abin da ke hannunsu ba.

Tsarin mulkin 1996, wanda ya biyo bayan babban taron ƙasa na 1993, ya yi alkawarin mayar da mulkin gari hannun zaɓaɓɓu. Sai da aka jira shekara goma sha shida. Ranar 22 ga Janairu 2012 aka yi zaɓen ƙananan hukumomi a manyan garuruwan ƙasar, Njamena kuma ta fito da tsari mai hawa biyu: babbar meri ta gari duka, da komin goma na gundumomi, wato arondisma, kowace da majalisarta da magajin garinta. Amfanin ya fito nan da nan a ƙananan abubuwa: takardar haihuwa, shaidar aure, tabbatar da sa hannu a takardar ciniki, duk sun matso kusa da gida, kansilan ma ɗan unguwa ne da za ka iya tarewa a masallaci ko wajen suna. Matsalar da ta biyo baya ita ce rabon kuɗi. Manyan kasuwanni, wato babbar kasuwa da ke kusa da masallacin Sarki Faisal, Kasuwar Gero, Dembe da Digel, su ne saniyar tatsa, kuma an daɗe ana ja-in-ja tsakanin babbar meri da gundumomi kan wa ke da ikon karɓar me. Inda hukumomi biyu ke jayayya a kan tikiti ɗaya, mai rumfa ne kan biya sau biyu. Kuɗin ba ya da yawa a ido. Tikitin sefa ɗari, Bahaushe ya ce dala ashirin, Balaraben Chadi ya ce riyal ishirin, duk abu ɗaya suke nufi. Amma a ninka shi da kwanakin shekara, a ninka da yawan rumfuna da teburan da ke garin, sannan a duba halin da magudanun kasuwar ke ciki.

Tsaro ma ya shigo cikin aikin yau da kullum. Bayan hare-haren 15 ga Yuni 2015 a kan ofisoshin 'yan sanda, da na 11 ga Yuli a ƙofar babbar kasuwa wanda ya kashe mutum goma sha biyar, aka taƙaita ƙofofin shiga, aka sa bincike, aka hana niƙabi. A daidai lokacin hanyar Maiduguri zuwa Gamboru da Fotokol ta zama ta sai da rakiyar soja, shanu da kaya suka riƙa yin dogon zagaye ta kudu ko ta Nijar. Ɗan kasuwa mai magana da Hausa ko Barbarci ya sha tambayoyi a shingaye a shekarun nan, kuma sau da yawa shaidar shef-da-kare da katin ƙungiya ne suka fitar da mutum.

Maganar da ta fi kowace cin rai a yau ita ce ruwa, kuma ya kamata a fahimci yadda garin yake kwance. Njamena shimfiɗe take kamar faifai, kuma bakin kogi ya ɗan fi cikin gari tudu, saboda haka ruwan sama ba ya gangarawa Shari da kansa, arewa yake nufa ya kwanta a unguwanni. Dole sai da manyan magudanu da injinan zuƙa. Ramukan da aka haƙa aka buga tubalin gina garin su ne suka zama kududdufan da ake kira buta da Larabcin nan, ba butar alwala ba. A da su ke shanye ruwan damina, yanzu an cike da yawansu da shara an yi gini a kai. Ambaliyar kuma iri biyu ce. Ta farko ta ruwan sama ce a Yuli da Agusta, wadda kwatar da ba a yashe ba ke haddasawa, wannan kuwa aikin meri ne da na 'yan layi. Ta biyu ta kogi ce, tana zuwa a Oktoba da Nuwamba bayan sama ta ɗauke, lokacin da ruwan da ya sauka a Afirka ta Tsakiya da tsaunukan Adamawa ya iso ta Shari da Logon. Ita ce ta cinye Waliya da Tukra a 2022, har aka kafa dokar ta-ɓaci ranar 19 ga Oktoba, dubban iyalai suka koma tantuna. Bayanta aka gina doguwar ganuwar ƙasa a gunduma ta tara. A 2024 kogin ya sake haura mita takwas, aka kwana ana cika buhuna da yashi ana toshe wuraren da ke yoyo.

Gunduma ta tara ɗin nan ita ce ƙofar kayanmu. A cikinta gadar Ngeli take, da ofishin duwan, da filayen da manyan motoci ke kwana, da sito-siton da mambobi da yawa suka gina a kan filayen da aka saya hannun bulamomi tun ana noman shinkafa da dawa a wurin. Wa'adin kansilolin 2012 shekara shida ne, amma ba a sake zaɓe ba sai ranar 29 ga Disamba 2024, aka haɗa shi da na 'yan majalisar dokoki da na larduna, wasu jam'iyyun adawa kuma suka ƙaurace masa. Sababbin majalisun sun kama aiki a 2025. Abubuwan da ke gabansu a wannan gunduma su ne gyaran wuraren da ganuwar ta zaizaye kafin ruwan Oktoba, injinan da za su fitar da ruwan saman da ganuwar kan tare a cikin unguwanni, wurin tsayuwar manyan motoci, da awon filayen da har yanzu takardar bulama kaɗai ke kansu.